Saje Alvin York: Sojan da Ya Koma Gida Ya Gina Makaranta

Ya ku ɗalibai, kun san cewa a ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara mu a Nijeriya mukan tuna da sojojinmu da suka kwanta dama, mu kuma girmama tsofaffin sojoji, waɗanda Hausawa ke kira 'yan mazan jiya. Mutanen Amurka su ma suna da irin wannan rana, wato 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a shekarar 1918. Wannan yaƙi bai bar ƙasarmu ba, domin sojojin Nijeriya sun gwabza da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga baya kuma aka kai su Gabashin Afirka. A darasinmu na yau za ku karanta tarihin wani Ba'amurke da ya halarci wannan yaƙi a ƙasar Faransa. Sunansa Alvin York. Ya yi suna saboda abin da ya aikata a safiya guda, amma ya rayu shekara hamsin da biyar da 'yan watanni bayan wannan safiya. Ku lura da yadda ya tafiyar da waɗannan shekaru, domin a cikinsu ne mafi yawan darasin yake.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alvin York ranar 13 ga Disamba, 1887, a wani ƙauye mai suna Pall Mall, cikin jihar Tenesi. Ƙauyen yana cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, kusa da iyakar jihar Kentaki. Sunan mahaifinsa William, sunan mahaifiyarsa kuwa Mary. Su goma sha ɗaya ne a wurin iyayensu, shi ne na uku. Gidansu na gungumen itace ne mai ɗaki biyu. Mahaifinsa manomi ne kuma maƙeri, amma abin da yake samu da ƙyar yake isar iyali. Saboda haka farauta ta zama dole a gidan. Tun Alvin yana yaro ya koyi riƙe bindiga, ya kuma gane cewa wanda ya ɓarnatar da harsashi zai kwana ba nama. Da haka ya zama gwanin harbi, har ya riƙa cin gasar da mafarautan yankin ke shiryawa.

Karatun boko kuwa bai samu ba sai kaɗan. Idan aka haɗa dukan kwanakin da ya yi a aji, ba su wuce wata tara ba, domin aikin gona ya fi ƙarfin mahaifinsa shi kaɗai. Ku riƙe wannan magana ta wata tara a ranku, za mu dawo kanta a gaba.

A shekarar 1911 mahaifinsa ya rasu. A lokacin yayyensa biyu sun yi aure sun kama gidajensu, sai nauyin mahaifiya da ƙanne ya faɗo a kansa. Ya yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya yi aikin sarar katako, yana kawo abin da ya samu gida. Sai dai kuma a wannan lokaci ne ya faɗa cikin miyagun abokai. Ya riƙa shan giya da caca, yana yawan faɗa a mashayar da ke kan iyakar jihohin nan biyu. Mahaifiyarsa ta sha yi masa faɗa, ta kuma sha jiran dawowarsa har tsakar dare.

Ranar 1 ga Janairu, 1915, bayan ya halarci wani taron wa'azi, ya tuba daga waɗannan halaye. Ya shiga wata ƙaramar majami'a da ta haramta wa mabiyanta giya da caca da tashin hankali. Limamin majami'ar, Fasto Rosier Pile, ya ja shi a jiki, har ya zama mai jagorantar waƙoƙin ibada. A nan ne kuma ya fara neman auren wata 'yar maƙwabtansu mai suna Gracie Williams.

Tsakanin imani da kiran ƙasa

A watan Afrilu na 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus. Gwamnati ta kafa doka cewa duk namijin da ke tsakanin shekara 21 da 30 ya je ya rubuta sunansa, domin a ɗauke shi soja idan an bukace shi. Alvin yana da shekara 29, saboda haka dokar ta hau kansa. A nan ya shiga tsaka mai wuya. Ya yi imani cewa addininsa ya hana kisan kai ko ta wace fuska, ga shi kuma ƙasarsa tana kiransa ya ɗauki makami. Ya nemi a ɗauke masa aikin soja saboda addini, amma hukuma ta ƙi, domin majami'arsu ba ta da wata rubutacciyar ƙa'ida da ta hana shiga yaƙi. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kai shi barikin horar da sojoji na Gordon a jihar Jojiya.

Bai gudu ba, bai kuma ɓoye abin da ke damunsa ba. Ya je wurin shugabanninsa, Kyaftin Edward Danforth da Manjo Edward Buxton, ya bayyana musu halin da zuciyarsa take ciki. Su kuma ba su hukunta shi ba. Suka zauna da shi, suka buɗe Littafi Mai Tsarki, shi yana kawo hujjojinsa, su suna kawo nasu. Bayan haka suka ba shi hutun kwana goma ya je gida ya yi tunani. Ya tafi, ya keɓe kansa a kan dutse yana addu'a, sa'an nan ya koma bariki da ƙudurin cewa zai yi yaƙin, domin ya gamsu cewa ya halatta mutum ya ɗauki makami don ya kare wasu. Ku dubi halin ɓangarorin nan biyu. Ƙaramin soja ya faɗi gaskiyarsa ba tare da raini ba, manyansa kuma suka saurare shi ba tare da fin ƙarfi ba. Alvin bai manta da wannan karamci ba, har ya raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sunan Manjo Buxton.

Safiyar 8 ga Oktoba, 1918

Rundunarsu, wato runduna ta 82, ta isa Faransa a tsakiyar shekarar 1918. Zuwa watan Oktoba Alvin ya sami muƙamin kofur. A lokacin sojojin Amurka suna kai babban farmaki a dajin Argonne, a arewa maso gabashin Faransa. Da safiyar 8 ga wata aka umarci bataliyarsu ta kama wata hanyar jirgin ƙasa da Jamusawa ke jigilar abinci da makamai ta kanta, kusa da ƙauyen Chatel-Chéhéry. Da suka shiga wani kwari, sai Jamusawa suka buɗe musu wuta da bindigogin mashinga daga kan tuddai. Gaba ta gagara.

Sai aka tura mutum goma sha bakwai ƙarƙashin Saje Bernard Early, aka ce su zagaya ta bayan maƙiya. Alvin yana cikinsu. Suka bi ta cikin daji, suka yi wa wani rukunin Jamusawa ba-zata, suka kama su. Suna cikin tattara waɗanda suka kama, sai masu mashinga na kan tudu suka juyo da bindigoginsu. Nan take aka kashe Amurkawa shida, aka raunata uku, har da Saje Early. Ragowar su takwas ne, kuma Alvin ne mai muƙami a cikinsu.

Sauran bakwai ɗin suka tsare fursunoni suna mayar da wuta daga inda suka fake, shi kuwa ya fuskanci masu mashinga da bindigarsa. Gwanintar da ya koya a farauta ta yi masa rana. Duk wanda ya ɗago kai don ya auna shi, sai ya riga shi harbi. Ya ba da labari daga baya cewa yana harbi yana yi musu kira su miƙa wuya, domin ba ya son ya kashe fiye da yadda ya zama tilas. Daga ƙarshe wani hafsan Jamus mai suna Laftanar Paul Vollmer, wanda ya iya Turanci, ya yarda ya umarci mutanensa su ajiye makamai. Amurkawan nan takwas suka jera fursunoni, suka sa su ɗauki waɗanda suka ji rauni, suka kama hanyar komawa. A kan hanya suka ƙara kama wasu. Da aka ƙidaya, sai aka tarar da fursuna 132, hafsoshi 4 da ƙananan sojoji 128.

Aka ƙara wa Alvin girma zuwa saje. A watan Afrilu na 1919 aka ba shi lambar yabo mafi daraja da Amurka ke ba sojanta, ƙasar Faransa ma ta ba shi lambobinta. Amma adalci ya sa mu tuna cewa mutum goma sha bakwai ne suka shiga dajin nan, shida kuma ba su fito da rai ba. Wasu daga cikin abokan aikinsa sun yi ƙorafi cewa an tara yabo a kan mutum ɗaya. Shi kansa Saje Early sai a 1929 aka ba shi tasa lambar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a fagen fama.

Komawa gida

A watan Afrilu na 1919 wata babbar mujallar Amurka ta buga labarinsa, sai sunansa ya bazu ko'ina. Da ya sauka a birnin Niyu Yok a watan Mayu, aka yi masa gagarumar tarba. 'Yan kasuwa da masu shirya wasanni suka yi masa caa, kowa yana son ya yi talla da sunansa, suna yi masa tayin kuɗi masu yawan gaske. Ku tuna cewa mutumin nan talaka ne, bai mallaki komai ba. Duk da haka ya ƙi karɓa. A ganinsa bai dace mutum ya mayar da kakin soja haja ba, bai kuma dace ya yi arziki da ranar da aka zubar da jini ba.

Ya koma Pall Mall. Ranar 7 ga Yuni, 1919, aka ɗaura aurensa da Gracie, Gwamnan jihar Tenesi, Albert Roberts, shi ya jagoranci bikin da kansa. Ƙungiyar Rotary ta birnin Nashville ta ɗauki alkawarin saya masa gona mai faɗin eka 400. Sai dai kuɗin da aka tara da farko bai cika ba, ya zamana kyautar ta bar shi da bashi a wuya, ga sayen dabbobi da kayan noma. Ya yi fama da wannan bashi kafin a ƙarasa biyan kuɗin gonar.

A wannan gona ya zauna da iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su haihuwa goma, ko da yake wasu daga cikin 'ya'yan sun rasu tun suna jarirai. Ya raɗa wa da yawa daga cikinsu sunayen manyan mutanen tarihin ƙasarsu, kamar Thomas Jefferson da Andrew Jackson da Woodrow Wilson. Ya yi noma da kiwo, ya buɗe kanti, daga baya kuma ya mallaki wurin niƙan hatsi wanda ruwan kogi ke juyawa. Gidansa bai rabu da baƙi ba, kuma an san shi da ciyar da duk wanda ya zo. Shi da Gracie sun yi zaman aure na shekara arba'in da biyar.

Yaƙinsa na biyu

Yanzu mu koma kan maganar wata tara. Tafiyar da Alvin ya yi zuwa Turai ta buɗe masa ido. Ya ga birane masu makarantu da hanyoyi, ya yi cuɗanya da hafsoshi masu ilimi, ya kuma ji kunyar ƙarancin karatunsa. Ya gane cewa yaran kwarinsu ba basira suka rasa ba, makaranta suka rasa. Saboda haka ya yanke shawara cewa sunan da ya ƙi sayarwa don amfanin kansa, zai yi aiki da shi don amfanin waɗannan yara.

Ya fara da neman hanya, domin damina takan yanke ƙauyukansu daga sauran duniya. Ya matsa wa gwamnatin jiha har aka gina hanyar mota da ta ratsa yankin, wadda ake kira da sunansa. Daga nan ya juya kan makaranta. Ya kafa gidauniya, ya riƙa zagaya biranen Amurka yana jawabi a gaban jama'a yana neman gudummawa, alhali shi mutum ne mai kunya wanda bai saba da tsayawa gaban taro ba. Gwamnatin jiha da ta gunduma suka ƙara nasu kuɗi. A shekarar 1929 aka buɗe ginin makarantar a garin Jamestown, hedikwatar gundumarsu ta Fentress. An tsara ta don koyar da karatu da noma da sana'o'in hannu.

Kada ku ɗauka cewa da buɗe makaranta wahala ta ƙare. A wannan shekara ce tattalin arzikin Amurka ya karye, bankuna suka durƙushe, miliyoyin mutane suka rasa aiki. Kuɗin da hukuma ta yi alkawari ya daina zuwa yadda ya kamata. Yaran ƙauyuka masu nisa ba su da abin da zai kai su makaranta. Sai Alvin ya jinginar da gonarsa, wato abincin iyalinsa, don a biya kuɗin motocin ɗaukar ɗalibai. Ga kuma 'yan siyasar yankin da suka yi ta jayayya da shi a kan wanda zai riƙe ragamar makarantar. A 1936 suka yi nasarar sauke shi daga shugabancinta, a 1937 kuma gwamnatin jiha ta karɓi makarantar baki ɗaya. Wani a matsayinsa da ya yi fushi ya juya baya. Shi kuwa ya ci gaba da taimaka mata, domin tun farko don yara ya yi, ba don kujera ba. Har yau makarantar tana nan a Jamestown, tana ɗauke da sunansa, ana karantar da yara a cikinta.

Bai tsaya a nan ba. Daga 1935 ya yi aiki da shirin gwamnati na sama wa matasa aikin raya dazuzzuka, ya kuma kula da wani gandun shaƙatawa na jihar har zuwa 1940.

Fim da Yaƙin Duniya na Biyu

Shekara ashirin masu shirya fim suna roƙonsa ya yarda a yi fim a kan rayuwarsa, yana ƙi. A 1940 ya amince, saboda dalili biyu. Na farko, yana neman kuɗin gina makarantar koyar da addini a ƙauyensu. Na biyu, ya ga yadda Hitler ke mamaye ƙasashen Turai, yana kuma son mutanen Amurka su farka. Fim ɗin, mai suna Sergeant York, ya fito a 1941. Ɗan wasa Gary Cooper ne ya fito a matsayinsa, ya kuma ci kyautar Oscar saboda rawar da ya taka.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Alvin ya nemi a sake ɗaukarsa soja. Yana da shekara 54, ga ƙiba ga rashin lafiya, saboda haka aka ƙi tura shi fagen fama. Sai ya yi hidima ta wata hanya. Ya riƙa ziyartar barikoki yana ƙarfafa wa ƙananan sojoji guiwa, yana taya gwamnati tara kuɗin yaƙi, ya kuma shugabanci kwamitin ɗaukar soja na gundumarsu. Mutumin da a 1917 ya tsaya gaban irin wannan kwamiti yana neman a ɗauke masa aikin soja, shi ne yanzu yake sauraron matasa masu irin damuwarsa ta da.

Ƙarshen rayuwarsa

Alvin yana da rauninsa kamar kowa. Bai iya tattalin kuɗi ba. Yakan bayar ba tare da lissafi ba, bai kuma kula da ajiye takardun shiga da fitar kuɗi ba. Hukumar haraji ta biyo shi bashi mai yawa a kan kuɗin da ya samu daga fim. Wannan ya zo daidai da lokacin da lafiyarsa ta taɓarɓare. Ya gamu da ciwon shanyewar jiki a 1948, daga 1954 kuma ya kwanta, bai ƙara miƙewa da ƙafafunsa ba. Shekara goma Gracie tana jinyarsa a gida. A 1961 Kakakin Majalisar Wakilai ta Amurka, Sam Rayburn, ya jagoranci neman gudummawa, jama'a daga ko'ina suka aiko da abin da ya sawwaƙa, aka biya bashin. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saje Alvin York ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1964, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Nashville, yana da shekara 76. Aka mayar da gawarsa Pall Mall, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen, ba nisa da inda aka haife shi. Gracie ta rayu bayansa har 1984, aka kuma binne ta kusa da shi. A yau gidansa da gonarsa da wurin niƙan hatsinsa sun zama wurin tarihi da jama'a ke ziyarta.

A lokacin rayuwarsa ya sha bayyana cewa ya fi son a tuna da shi saboda hidimar da ya yi wa ilimi, fiye da abin da ya faru a dajin Argonne. Ya ku ɗalibai, wataƙila a garinku ko unguwarku akwai wani tsohon soja, ko wani dattijo da ya daɗe yana aikin gayya ba tare da an biya shi ba. Ku je ku gaishe shi cikin ladabi, ku roƙe shi ya ba ku tarihinsa, ku rubuta shi da Hausa ku kawo aji.

Ma'anar wasu kalmomi

'Yan mazan jiya: tsofaffin sojoji da suka halarci yaƙi.
Kwanta dama: rasu.
Tsaka mai wuya: halin da mutum ya rasa zaɓin da zai yi.
Ba-zata: abin da ya zo wa mutum ba shiri.
Miƙa wuya: yarda cewa an fi ƙarfinka, ka ajiye makami.
Haja: kayan sayarwa.
Jingina: ba da gona ko gida a matsayin amana don a karɓi bashi.
Aikin gayya: aikin da jama'a ke haɗuwa su yi don taimakon juna, ba don lada ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Alvin York, kuma a wane ƙauye?
2. Me ya hana shi yin karatu mai zurfi?
3. Me ya sa ya nemi a ɗauke masa aikin soja, kuma yaya shugabanninsa suka ɓullo wa maganar?
4. Mutum nawa aka tura su zagaya ta bayan Jamusawa, nawa ne suka rage suna yaƙi?
5. Don me ya ƙi karɓar kuɗin talla a 1919, don me kuma ya yarda a yi fim a 1940?
6. Kawo matsaloli biyu da makarantar Jamestown ta fuskanta.
7. Bayyana ma'anar karin magana biyu da suka zo a cikin wannan darasi.
8. A ganinka, daidai ne mai iyali ya jinginar da gonarsa saboda 'ya'yan wasu? Rubuta jimla biyar ka kare ra'ayinka.